Kafin a Ce Fim Ya Cancanci Yabo Ko Bai Cancanta Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna yi maka fatan alheri, kai da abokan aikinka, tare da neman ka ba mu ɗan fili a wannan jarida mai albarka.

Duk lokacin da aka ce wani fim ya lashe kyauta, ko an zaɓe shi ya wakilci Najeriya a wata gasa ta ƙasashen waje, sai gardama ta kaure a majalisu da shafukan sada zumunta. Wasu su ce sun kalla, barci ya kwashe su tun ba a yi nisa ba, don haka yabon na son kai ne ko na kuɗi. Wasu kuma su ce duk wanda bai ji daɗinsa ba bai san fim ba, ya je ya ci gaba da kallon rawa da waƙa. Mu da muke cin abinci da wannan sana'a, wasunmu a ɗakin editin, wasu a wajen ɗaukar sauti da saita fitila, abin yana damunmu ƙwarai, domin ɓangarorin biyu suna tsallake tambayoyin da ya kamata a fara da su. Wa ya yi yabon? Me ya yaba a ciki? Kuma abin da shi ya gani, shi ne ya iso wayar mai kallo a nan?

Mu fara da gasar Oscar ta Amurka, tunda ita aka fi ambata. A rukunin fina-finan ƙasashen waje, kowace ƙasa fim ɗaya tak take aikawa a shekara, kuma kwamitin cikin gida ne yake zaɓensa. Sai an nuna fim ɗin a silima aƙalla kwana 7 a jere, sannan fiye da rabin maganar da ke cikinsa ta kasance ba da Turanci ba. Sharaɗin farko kaɗai ya isa ya rufe ƙofa ga kusan duk fina-finan da suka fi tashe a Kano da Kaduna a yau, tunda masu dogon zango ne, a YouTube ko a talabijin suke fita. Sharaɗi na biyu ne ya fitar da Lionheart a 2019, fim na farko da Najeriya ta taɓa aikawa, saboda maganar da aka yi da harshen Ibo a cikinsa ba ta wuce minti 12 ba cikin kusan minti 95. Ko gaban alƙalai bai kai ba, balle a ce sun yaba ko sun kushe. A shekarar da ta biyo baya aka aika The Milkmaid, wanda mafi yawansa da Hausa ne, a 2024 kuma aka aika Mai Martaba, wanda aka ɗauka a Daura. Ƙasashe fiye da 80 ne suke aikawa, a tace a bar 15, daga nan a fitar da 5, sannan ɗaya ya ci. Babu ɗayan waɗannan biyun da ya shiga cikin 15 ɗin. Zaɓen da aka yi musu a gida abin alfahari ne, kuma muna taya masu su murna da zuciya ɗaya. Amma idan jarida ta rubuta cewa fim "ya shiga Oscar", mai karatu yana ɗauka cewa alƙalan can ne suka tantance shi. Sai ya kalla da wannan tsammani, ya ga bai ga abin da yake jira ba, ya ce an yaudare shi, alhali labarin ne aka ba shi ba daidai ba.

Ita kanta babbar kyautar, wato ta fim ɗin da ya fi kowanne a shekara, tana da salon ƙuri'ar da mutane da yawa ba su sani ba. Masu jefa ƙuri'ar sun kai wajen mutum 10,000, duk 'yan sana'ar fim ne, kuma kowa jera fina-finan yake yi daga wanda ya fi so zuwa na ƙarshe. Idan babu fim ɗin da ya samu fiye da rabin ƙuri'un matsayi na ɗaya, sai a cire wanda ya fi ƙarancin ƙuri'a, a raba takardunsa ga zaɓi na biyu da masu su suka rubuta, a ci gaba a haka har wani ya haura rabi. Wannan tsari yana taimaka wa fim ɗin da kowa ya ce ba laifi. Wanda wasu suke mutuwar so wasu kuma suka ƙi jini, sau da yawa shi ne yake faɗuwa. A bikin Kan na Faransa kuwa, wanda ake yi a watan Mayu, alƙalai 9 ne suke zama su kalli fina-finai kusan 20 cikin ƙasa da mako biyu, kuma kowace shekara ana canza su. Hukuncin mutum 9 ne, ƙwararru ƙwarai, amma da wasu 9 aka kawo da wataƙila wani fim ɗin ne zai ci. A gasar AMVCA ta fina-finan Afirka, wadda ake yi a nan Najeriya, wasu rukunan alƙalai ne suke yankewa, wasu kuma 'yan kallo ne suke jefa ƙuri'a, inda yawan masoyan jarumi yake tasiri fiye da komai. Dukansu lambar yabo ake kira, amma ba abu ɗaya suke aunawa ba.

Haka lambobin intanet da matasa suke kafa hujja da su. Kason da ake gani a Rotten Tomatoes, shafin da ke tattara sharhin fina-finai, yawan masu sharhin da suka ce fim ya yi ne, ba yawan makin da suka ba shi ba. A ce mutum 100 sun yi sharhi, 95 suka ce ya ɗan fi matsakaici, zai fito da kashi 95. Wani fim ɗin kuma mutum 60 su ce ba su taɓa ganin irinsa ba, 40 su ƙi shi, zai fito da kashi 60. Yawan kallo a YouTube shi ma yana nuna waɗanda suka buɗe ne, bai nuna waɗanda suka kai ƙarshe ba. Mai tasha yana iya shiga shafin ƙididdigarsa ya ga layin da ke nuna daidai mintin da mutane suka fara watsewa, kuma wannan layin ya fi miliyoyin da ake tallatawa faɗin gaskiya.

Su kansu manyan masana ba su tsaya a wuri ɗaya ba. Mujallar Sight and Sound ta Ingila tana tambayar masu sharhin duniya duk bayan shekara 10, tun daga 1952, wane fim ne ya fi. Citizen Kane ya riƙe matsayi na ɗaya daga 1962 har 2002, alhali a shekarar da ya fito, 1941, bai ci babbar kyautar Oscar ba. A 2012 Vertigo ya ture shi, fim ɗin da masu sharhi suka rabu a kansa lokacin da ya fito a 1958. A 2022 aka faɗaɗa masu ƙuri'ar daga 846 zuwa 1,639, sai wani fim na wata darakta 'yar Beljiyam, Chantal Akerman, wanda ta yi a 1975, ya hau kan gaba, alhali a ƙuri'ar 2012 ko cikin 30 na farko ba ya ciki. Tsawonsa minti 201 ne, kuma mafi yawansa wata mata ce take aikin gida, tana feraye dankali, tana wanke kwanuka. Babu abin da aka ƙara ko aka rage a waɗannan fina-finai tsakanin wannan ƙuri'a da waccan. Masu zaɓen ne suka canza, da abin da suke nema.

Yanzu ga abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya, domin aikinmu ne. Mafi yawan masu cewa fim ɗin da aka yaba duhu ne, ba a jin magana, ba a gane abin da ake yi, gaskiya suke faɗa game da abin da suka gani. Sai dai abin da suka gani ya sha bamban da wanda alƙalai suka gani. Kwafin da ake kai wa silima yakan haura gigabait 100. Wanda ake tura wa mutum a shagon masu tura fina-finai sau da yawa bai kai gigabait ɗaya ba. Idan aka matse fim haka, wuraren duhu ne suke fara lalacewa: inuwar da mai ɗaukar hoto ya ɓata awanni yana saita matakanta sai ta koma baƙin faci mai murabba'ai, fuskar da ke cikin inuwar ta narke ta ɓace. Ga kuma haske. Ana gyara launin fim ɗin silima ne don a kalle shi a ɗaki mai duhu ƙirin, a allon da haskensa bai kai kashi ɗaya cikin goma na hasken waya ba. A cikin wannan duhun ido yana buɗewa ya ga komai. Wanda yake kallo a ƙofar shago da rana tsaka, hasken rana yana dukan gilashin wayarsa, ba zai ga komai a fitowar dare ba sai fuskarsa. Girman hoton ma haka. Yawancin irin waɗannan fina-finai ana ɗaukarsu da faɗi, faɗin ya ninka tsayi sau 2.39. A waya, ko an kwantar da ita, tsayin hoton bai kai santimita 7 ba. Darakta ya tsayar da kyamara nesa, ya bar mutum ɗaya yana tafe a fili na tsawon minti guda don a ji kaɗaicinsa. A silima ana ganin wannan mutumin sarai, har da yadda kafaɗunsa suka sauka. A waya bai kai ƙwayar shinkafa ba, kuma minti ɗayan ya zama ɓata data.

Sauti ya fi haka rauni. Ana haɗa sautin silima a layi 6: hagu, dama, tsakiya, biyu na gefe, da ɗaya na ƙara mai kauri. Kusan duk maganar 'yan wasa a layin tsakiya take. Idan wanda ya matse fim ɗin bai iya haɗe layukan nan zuwa biyu ba, sai layin tsakiya ya yi ƙasa, kiɗa da ƙarar mota su danne magana. Shi ya sa mutum zai yi ta ƙara murya idan ana hira, ya zabura ya rage idan an yi harbi. Duk wanda yake son ya yi wa irin wannan fim adalci, ya nemi kwafi mai kyau, ya jira dare, ya kashe fitila, ya sa abin kunne, ya ajiye hira a WhatsApp, ya ba shi minti 20 na farko ba tare da tsallakewa ba. Idan bayan haka bai kama shi ba, yana da cikakkiyar damar cewa bai yi masa ba.

Fina-finan Indiya da aka fassara da Hausa su ma a sa su a wannan lissafi. Masu fassarar gwanaye ne a nasu fagen, kuma sun sa miliyoyin mutane nishaɗi. Amma muryar jarumin ta tafi, ana rage kiɗa duk lokacin da mai fassara zai yi magana, ana yanke wasu wurare, ana ƙara barkwancin da babu shi a asali. Wanda ya kalli wannan ya kalli wani aiki ne daban, kuma hukuncinsa a kan wannan aikin yake.

Wannan gefe ɗaya ke nan. Ɗaya gefen shi ne, akwai abin da mai kallo Bahaushe yake ji wanda alƙali a Turai ba zai taɓa ji ba, ko a wace irin silima ya zauna. Shi rubutun fassara yake karantawa a ƙasan allo, kuma wannan rubutun yana da iyaka: layi 2, kowane layi bai wuce harafi 42 ba a ƙa'idar Netflix, kuma ba ya wuce daƙiƙa 7 a kan allo. Dole mai fassara ya datse. A ce uwa tana magana a kan ɗanta na fari, tana ta kewaye-kewaye ba ta kama sunansa ba, muryarta a dake kamar ba ta damu ba, alhali yaron yana kwance rai a hannun Allah. Bahaushe yana ganin wannan zai ji ƙwalla ta cika masa ido, don ya san kara ce take danne abin da ke cinta. Mai fassara zai rubuta sunan yaron don a gane wa ake nufi, shi kuma alƙali ya ga uwa mai sanyin jiki da 'yar wasa da ba ta iya nuna damuwa ba. Haka habaicin kishiyoyi, da yadda suruki yake sauke murya ya durƙusa, da bambancin Hausar dattijon Katsina da ta yaron Fagge. A ɗaya hannun, ɗan wasan da Hausarsa ta koyo ce, yana karya harshe a matsayin basarake ko malamin zaure, alƙalin waje ba zai lura ba sam, zai ga sutura da dawakai ya yaba. Mu kuwa daga jimlar farko fim ɗin ya fita daga ranmu. Idan mai kallo ya ce bai yarda da irin wannan fim ba, hujjarsa mai ƙarfi ce, kuma a wannan fannin ya fi alƙalin sani.

Batun waƙa ma kada a raina shi. Tun daga shekarun 1950 ake nuna fina-finan Indiya a silimun Arewa, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu da wasu masana sun yi rubutu mai yawa kan yadda wannan ya shiga jinin fim ɗin Hausa. Waƙa a fim hanya ce ta faɗin abin da kunya ba za ta bari saurayi da budurwa su faɗa baki da baki ba. Kuma ba kullum ne son jama'a yake saɓa wa na alƙalai ba: Mother India na 1957, wanda iyayenmu suka yi ta komawa silima dominsa, ya shiga cikin 5 na ƙarshe a Oscar, da waƙoƙinsa da komai. Abin tambaya a kan waƙa shi ne ko ta matsar da labari gaba. Idan kafin waƙar yarinya tana shakka, bayan waƙar ta yanke shawara, to ta yi aikinta. Idan za a cire ta ba a rasa komai ba, an saka ta ne don a cika lokaci.

Amma fa son da muke yi wa namu ba zai rufe aibinsa ba. Idan ka kai wa tela shadda, zaɓen launi naka ne, babu mai ce maka shuɗi ya fi fari. Hannun riga ɗaya ya fi ɗaya tsawo kuwa kuskure ne, ko wane launi ka zaɓa. A fim ma akwai abubuwan da ba na ra'ayi ba ne, kuma su ne suke hana ayyukanmu da yawa tsallakawa.

Na farko sauti. Makirfo ana so ya kasance kusa da bakin mai magana iya yadda hoto zai bari, a rataye shi a sanda daga sama yana kallon ƙirji, ko a maƙala ƙarami a cikin riga. Duk lokacin da nisansa ya ninka, ƙarfin muryar yana raguwa da kusan dasibel 6 a ma'aunin ƙarfin sauti, amma ƙarar janareto da amon ɗakin siminti ba sa raguwa. Edita ya zo ɗaga murya, sai ya ɗaga su tare. Maganin ba tsada gare shi ba: a kai janareto bayan gini da doguwar waya, a kashe fanka da firji lokacin ɗauka, a shimfiɗa darduma ko barguna inda kyamara ba ta gani don su shanye amo, mai sauti ya sa abin kunne ya saurara da kansa. Bayan an gama fitowa kowa ya yi tsit na daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya a ɗauki shirun ɗakin. Da wannan shirun edita yake cike giɓin da ke tsakanin magana da magana. Idan babu shi, za ka ji sauti yana ɗaukewa yana dawowa duk lokacin da aka sauya daga fuska zuwa fuska.

Sai farar shadda da rana tsaka, wadda ta zama ciwon fina-finanmu. Kyamara ba ta da faɗin gani irin na ido. Idan aka saita ta don fuskar baƙin mutum ta fito, farar rigar sai ta ƙone ta zama fari fat ba aiki ba ɗinki. Idan aka saita don rigar, fuska ta koma baƙi, idanu su shige ƙarƙashin inuwar hula. Ko dai a ɗauki fitowar waje da hantsi ko bayan la'asar, ko a tsayar da 'yan wasa a inuwa, a mayar musu da haske fuska da faifan haske, ko a nemi mai sutura ya kawo ruwan madara ko ruwan toka maimakon fari ƙal. Akwai kuma layin da ake ɗauka an ja tsakanin mutum biyu masu hira. Kyamara a gefe ɗaya na layin take zama. Idan ta tsallaka ba dalili, sai a ga dukansu suna kallon gefe ɗaya, mai kallo ya ji wani abu bai yi daidai ba ko da bai san mene ne ba.

Mafi girma shi ne jan labari. A ƙa'idar rubutun fim, shafi ɗaya yana ba da kusan minti ɗaya. Idan marubuci ya kawo shafi 20 aka ce a fitar da kashi mai minti 50 saboda mako ya zagayo, ragowar minti 30 daga ina zai fito? Daga mota tana shiga gida ana jiran maigadi ya buɗe ya rufe, daga gaisuwar da ba ta ƙarewa, daga wani yana ba wa wani labarin abin da mai kallo ya riga ya gani da idonsa. Ya kamata a bambance wannan da jinkirin da darakta ya yi da gangan. Dukansu a hankali suke tafiya, amma a ɗayan akwai abin da yake taruwa, a ɗayan babu.

Kowa zai iya gwada wannan a gida. Ɗauki fitowa ɗaya, daga fim ɗin da ka fi so ko wanda aka yaba ka ƙi. Kashe sauti ka kalla: za ka iya gane wa yake da iko a ɗakin, wa yake ɓoye wani abu? Idan ka gane, darakta da 'yan wasa sun yi aiki. Mayar da sautin ka rufe ido: kana jin kowace kalma ba tare da ƙoƙari ba, kana iya sanin a ɗaki ake ko a tsakar gida? Sannan ka tambayi kanka me ya canza tsakanin farkon fitowar da ƙarshenta, wa ya samu, wa ya rasa, wa ya san abin da bai sani ba a da. Yi wa fitowa 5 haka. Za ka tarar wasu fina-finan da ba su burge ka ba sun ci wannan gwaji, wasu da kake ƙauna sun faɗi, kuma ba laifi ba ne ka ci gaba da son naka bayan ka san inda ya gaza.

Idan aka tambaye mu kai tsaye ko fina-finan da ake yabo sun cancanta, amsarmu ita ce mafi yawansu sun cancanci yabo a kan abin da aka yabe su a kai. Mami Wata, wanda Najeriya ta aika Oscar a 2023, kyautar da ya samu a bikin Sundance na Amurka ta ɗaukar hoto ce, kuma duk wanda ya san wahalar haska baƙar fata da dare a hoto baƙi da fari ya san ba a banza aka ba shi ba. Wannan kyautar ba ta yi wa kowa alkawarin cewa labarin zai kama shi ba. Inda muke da ƙorafi na gaske shi ne ƙofar shiga. Kafin alƙali ya ga fim sai an biya kuɗin shiga gasa, an yi fassara mai kyau, an haɗa kwafin silima, an samu mai tallata shi a can. Furodusan da yake ɗaukar fim da kuɗin da kashin makon jiya ya kawo ba zai iya wannan ba. Kuma a ganinmu bukukuwan Turai sun fi buɗe hannu ga labarin Afirka idan na yaƙi ne ko ƙunci, fiye da na barkwanci ko rikicin gado ko zaman gidan yawa, alhali a nan ne marubutanmu suka fi gwaninta. Saboda haka rashin kyauta ba ya nuna rashin inganci. Ba kuma yau muka fara ba a wannan yanki: bikin fina-finan Afirka na FESPACO a Wagadugu, ƙasar Burkina Faso, tun 1969 ake yinsa, kuma wanda ya fara cin babbar kyautarsa a 1972 ɗan Nijar ne, Umaru Ganda.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, cewa fim ba ya yin suna mai ɗorewa sai in kwafinsa ya rayu. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya yi shekaru ba a ganinsa, har aka gano faifansa a ma'ajiyar hukumar fina-finai ta ƙasa, aka gyara, aka nuna shi a bikin Balin na Jamus a 2018. Fina-finan Kano tun daga Turmin Danya na 1990 a kaset aka ɗauki na farko-farkonsu, kaset kuwa zafi da ƙura da laima suna cinye shi. Duk wanda yake riƙe da uwar kaset ta irin waɗannan ya hanzarta a kwashe ta zuwa kwamfuta, a ajiye kwafi a wuri biyu daban-daban, ba tare da an matse ba.

Roƙonmu gare ka, ranka ya daɗe, shi ne idan jaridarka za ta ba da labarin wata kyauta, a faɗi sunan gasar, da rukunin, da matakin da fim ɗin ya kai, da kuma ko alƙalai ne suka yanke ko ƙuri'ar 'yan kallo ce. Muna kuma fatan a ware shafi, ko da sau biyu a wata, na sharhin fim da Hausa, inda mai sharhi zai faɗi a ina ya kalla kuma wane kwafi, ya yi magana a kan labari da sauti da hoto da harshe kowanne da hujjarsa daga cikin fim ɗin, ya bar rayuwar 'yan wasa a gefe. Idan aka buɗe shafin, a shirye muke mu riƙa amsa tambayoyin masu karatu kan abin da ya shafi sauti da haske da editin.

Mun gode. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Daga wasu masu aikin editin da ɗaukar sauti, Kano.